Injin gudu ko kwalta? Ga inda na tsaya

Rubutun yau zai ɗan ja, wanda yake cikin sauri ya adana shi sai ya samu sarari.

Tun shekaranjiya da na sa hotona a kan injin gudu, na rubuta a ƙasa cewa na soma shirin gudun fanfalaki na Legas, wayata ba ta huta ba. Wani abokina da muka daɗe muna fita gudun asuba tare ya kira ni, ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Haba Malam, kai ma ka koma gudun 'yan gayu? Mutum yana gudu yana kallon ƙwallo a talabijin, fanka tana kaɗa shi, wannan ai ba gudu ba ne." Da yamma kuma wani ɗan uwana ya tare ni da akasin haka. Shi a ganinsa babu mai cikakken hankalin da zai fita titi cikin wannan hazon, ya shaƙi ƙura, ɗan adaidaita ya nemi kwashe masa ƙafa, alhali ga inji an yi domin a huta da duk wannan. Kowannensu so yake in ce shi ne da gaskiya.

To ga inda na tsaya, kuma ba a takarda kawai na gani ba, a jikina na ji. Tseren nan a kan kwalta ake yin sa, don haka dogon gudun da mutum yake yi sau ɗaya a mako, wanda a kansa duk shirin ya dogara, a waje ya kamata ya kasance matuƙar da hali. Amma rainin da ake yi wa wanda yake kan inji kuskure ne, kuma a garuruwanmu har da rashin adalci a ciki. Zan zo kan wannan.

Ga waɗanda ba su saba da harkar ba, injin gudu shi ne na'urar nan mai shimfiɗaɗɗen bel da yake juyawa a ƙarƙashin ƙafarka, kana gudu amma kana nan wuri ɗaya, ka danna maɓalli ka ƙara sauri, ko ka ɗaga gabansa ya zama kamar hawan tudu. Gudun fanfalaki kuwa kilomita 42 ne da mita 195, wato a ƙiyasce kamar mutum ya tashi daga Kano ya doshi Wudil a ƙafa. Masu shirya masa da gaske sukan ɗauki wata huɗu zuwa biyar suna atisaye.

Karo na farko da na shiga, kusan duk shirina a kan inji na yi shi. Ina da hujjata a lokacin. Ina tashi daga aiki bayan la'asar, kafin in iso gida magariba ta kawo jiki, ga kuma wani gidan motsa jiki a kan hanyata. Iyakwandishan yana aiki, gorar ruwa tana gefen hannuna, tawul a rataye. Sai in saita injin a kan kilomita 11 a awa in tafi sumul, lambobin da suke kan allon suna faranta min rai. Mafi tsawon da na taɓa yi a kai kilomita 24 ne, shi ma da ƙyar, domin bayan awa biyu kana kallon bango ɗaya, ga mutum uku a tsaye suna jiran ka sauka suna harararka, kunya ma kaɗai ta isa ta sauke ka. Na ce a raina sauran 18 ɗin ai zuciya ce za ta kai ni.

Af, wani abin dariya, kakan injin nan a gidan yari aka san shi. Wani injiniya a Ingila mai suna William Cubitt ne ya ƙirƙiro shi a 1818, ƙaton abu kamar ganga mai matakala, fursunoni su yi ta takawa yana juyawa tsawon awanni a matsayin horo, wani lokaci a niƙa hatsi da shi ko a jawo ruwa. Yau mu ne muke biyan kuɗin wata a bar mu mu hau. Duk wanda ya taɓa yin awa biyu a kai ya san ba a banza aka ba fursuna ba.

Ranar tsere muka tashi da sassafe daga babban filin wasa na Surulere. Jama'a maƙil, ga kiɗa, ga ihu, 'yan Kenya da Habasha suna can gaba, ko ƙurarsu ba mu gani ba. Kilomita goman farko na yi su da saurin da ban taɓa yi a kan inji ba, kuma ban ma san na yi ba, domin wata huɗu bel ne yake riƙe min lissafi. Muka hau gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, babu bishiya babu rumfa, ruwa dama da hagu, rana ta fara ɗagawa. Iskar Legas kuma ba irin tamu ba ce. Mu a nan gumi yana fita yana bushewa, jiki ya huce. Can kuwa iskar kanta a jiƙe take, gumin zama yake a jikinka kamar an shafa maka mai. Da muka gangaro daga gadar muka nausa Ikoyi, na fara jin gaban cinyoyina suna yi min magana. Wajen kilomita 31 suka ɗaure tamau. Na tsaya na dafa wani ƙarfe a gefen titi ina haki. Wani dattijo, wallahi ya haife ni, ya zo wucewa da ɗan gudunsa a hankali, ya dafa kafaɗata ya faɗa min wata magana da Yarabanci da ban gane ba, ya wuce. Ban sake ganin ƙeyarsa ba. Sauran hanyar rabi tafiya rabi ɗingishi na ƙarasa ta zuwa Eko Atlantic, bayan fiye da awa biyar da rabi. Kwana uku da baya da baya nake sauka daga bene.

Babu wanda ya yi min laifi. Ruwa an ba mu, hanya an tsare mana. Ni ne na je da jikin da bai san kwalta ba.

Na daɗe ina juya abin a raina, na gane bambancin yana ɓoye ne a wuraren da mutum ba ya lura da su sai ranar. Bel ɗin inji da abin da aka shimfiɗa shi a kai suna da ɗan laushi, suna shanye wani ɓangare na dukan da ƙafa take yi. Wannan alheri ne ga mai ciwon gwiwa, ko wanda yake farfaɗowa daga rauni, ko mai nauyin jiki da ya fara gudu jiya. Amma a fanfalaki ƙafa za ta daki ƙasa fiye da sau dubu 30, kuma kwalta ba ta da tausayi. Tsoka da jijiya da ƙashi suna sabawa ne da abin da aka saba musu, a hankali, mako bayan mako. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai gangara. Yawancin injinan da suke gidajen motsa jikinmu hawa kawai suka iya, ba sa sunkuyawa su ba ka gangara. Mutane hawa suke tsoro, amma gangara ce take cinye cinya, domin a nan ne tsokar gaban cinya take aikin birki, tana miƙewa kuma tana riƙe nauyinka a lokaci guda. Saukowa daga gada da ƙafar da ta riga ta gaji abu ne da ban taɓa gwadawa ba ko sau ɗaya kafin ranar. Haka kuma titi ba a shafe yake kamar faranti ba. Yana da ɗan karkata zuwa gefen kwata, akwai kwana, akwai rami, akwai ledar ruwan da wani ya yar, akwai wanda zai tsaya cak a gabanka yana ɗaukar hoto. Ƙananan tsokokin idon sawu da na ƙugu ne suke ji da wannan duka, kuma a kan inji kusan barci suke yi.

Amma babban abin da na rasa shi ne sanin saurina a jikina. A kan inji, kai ne kake bin bel. Ka gaji ko ba ka gaji ba, ba zai rage ba, kuma ko kana jin ƙarfi ba zai ƙara ba sai ka danna. A titi babu mai yi maka wannan. In kana jin daɗi ka zarce ba ka sani ba, in ka gaji ka ja baya ba ka sani ba. Duk wanda ya taɓa yin fanfalaki zai gaya maka a rabin farko ake ɓata shi, a kilomita goman ƙarshe ake girbar abin da aka shuka. Dalilin ba boyayye ba ne. Jiki yana ajiye wani nau'in sikari a tsoka da hanta, shi ne man da ya fi saurin kamawa, kuma ajiyar ba ta da yawa. Ga mutane da dama wajen kilomita 30 take ƙarewa, musamman in ba a riƙa jefa wani abu a baki a hanya. Gwargwadon yadda ka buɗe wuta da farko, gwargwadon saurin ƙone ta. Ni kuwa ban taɓa koyon tauna ko da dabino ɗaya ina gudu ba, ban taɓa koyon shan ruwa daga kofin da aka miƙo min ba tare da na ƙware ba.

Wannan ɓangaren na abokina ne, na ba shi gaskiyarsa.

Inda muka rabu shi ne cewar da ya yi gudun inji ba gudu ba ne. Wannan maganar majalisa ce. Zuciya da huhu ba ruwansu da inda kake, in ka ba su aiki yi za su yi, kuma su ƙara ƙarfi. Ingrid Kristiansen 'yar ƙasar Norway, inda dusar ƙanƙara take rufe hanya watanni, an san ta da yin atisaye a kan inji a lokacin sanyi. A watan Afrilun 1985 ta yi awa 2 da minti 21 da daƙiƙa 6 a Landan, tarihin duniya na mata da ya shekara 13 ba a karya ba.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na Christine Clark. Likita ce a garin Anchorage na jihar Alaska a Amurka, mai 'ya'ya biyu, shekararta 37 a lokacin. Titunan garinsu ƙanƙara ce zalla da sanyi, don haka a kan inji a cikin gida ta yi mafi yawan shirinta. A watan Fabrairun 2000 aka yi tseren zaɓen wadda za ta wakilci Amurka a gasar Olamfik ta Sidni, a garin Columbia na jihar South Carolina. Ranar aka tashi da zafin da ba a zata ba, manyan da ake ji da su suka narke a hanya, ita da ba wanda ya sa a lissafi ta zo ta ɗaya, awa 2 da minti 33 da daƙiƙa 31. Da yawa sun danganta nasarar da cewa gudun cikin ɗaki mai ɗumi, inda iska ba ta kaɗa mutum, ya riga ya saba mata da zafi.

Ku ɗan dakata a nan, domin wannan ya shafe mu kai tsaye. Tseren Legas a watan Fabrairu aka saba yin sa. Wato shirinsa yana faɗowa ne daga Oktoba zuwa Janairu, mafi yawansa cikin hunturu. Mai gudun asuba a Kano a watan Disamba da rigar sanyi yake fita, iska busasshiya, leɓe yana tsagewa, wata ran ko gumin kirki ba zai yi ba. Sannan ya ɗauki wannan jikin ya kai shi cikin laimar Legas. Ka ga ke nan abokina da yake alfahari da titi, shi ma akwai abin da titin Kano ba zai ba shi ba a wannan lokacin. Jiki yana buƙatar kamar kwana 10 zuwa 14 yana aiki cikin zafi kafin ya saba, ya riƙa fara gumi da wuri, ruwan jini ya ƙaru, bugun zuciya ya sassauta. Ɗakin da babu iyakwandishan, da inji a ciki, ya fi kusa da yanayin Legas a kan hanyar BUK da ƙarfe shida na safe a watan Janairu. Don haka da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga laifin ba na hawa inji ba ne. Na mai da shi wurin jin daɗi ne, sanyi, shimfiɗa, babu tudu, sannan na bar shi ya cinye min dogon gudu.

Akwai kuma maganar nan da za ka ji duk wanda ya ɗan karanta yana maimaitawa, wai dole ka ɗaga inji kashi 1 cikin 100 kafin ya yi daidai da titi. Asalinta wani bincike ne da Andrew Jones da Jonathan Doust suka wallafa a Ingila a 1996. Dalilin shi ne a waje kana keta iska, a ɗaki kuwa ba ka keta komai. Abin da ba a cika faɗa ba, bambancin yana girma ne da girman saurinka. Shi ya sa ranar 12 ga Oktoban 2019, da Eliud Kipchoge ya yi awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyenna, babban birnin Austriya, aka jera masa 'yan gudu a gaba suna tare masa iska, domin yana tafiya fiye da kilomita 21 a awa. Ni da kai da muke lallaɓawa a kilomita 9 ko 10 a awa, iskar da muke ketawa ba ta kai ta tayar mana da hankali ba. Ka ɗaga in kana so, ba laifi, amma ba shi ne zai cece ka a kilomita 35 ba.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutun.

Ƙanwata ta fara gudu ne bayan likita ya ce mata jininta yana hawa, ta nemi rage ƙiba. Sau biyu ta gwada fita cikin unguwa da safe, da hijabinta da komai, shigar da babu abin da za a ce a kai. Na farko, samari a bakin shago suka bi ta da tafi da shewa. Na biyu, wani a mota ya rage gudu ya yi ta bin ta a hankali yana magana, har sai da ta faɗa gidan wata ƙawarta. Kafin yamma labari ya zagaya, wata gwaggonmu ta bugo waya tana tambaya ko lafiya aka ga yarinya tana gudu a titi. Da na je gida ta ce min, "Yaya, ni dai na haƙura da titin nan." Ban iya ce mata komai ba, domin ni ban taɓa fita gudu na dawo da irin wannan labarin ba. Yanzu tana zuwa wani wurin motsa jiki a lokacin da aka ware wa mata, kuma kwanan nan ta yi kilomita 15 a kan inji ba tsayawa, jininta kuma ya sauka, alhamdulillahi. Duk wanda ya ce wannan ba gudu ba ne, bismillah, ya zo ya hau ya yi.

Idan muna cewa mutane su fita titi, ya kamata mu tambayi kanmu titin wa yake karɓa. Ko mu mazan ma ba tsira muka yi ba. Kowa a Kano ya san yadda ƙwacen waya ya addabi jama'a a 'yan shekarun nan, har rayuka an rasa. Mai gudu shi kaɗai bayan sallar asuba, waya ɗaure a dantse, abin sauraro a kunne, ai ya tallata kansa. Yawancin titunanmu ba a yi su da tunanin mai tafiya a ƙasa ba, inda aka bar masa ɗan gefe ma an kafa tebur ko an ajiye mota. Ga kuma hazo. Ranar da ƙura ta sauko har jirgin sama yake kasa sauka, mai gudu yana zuƙar iska ninkin ba ninkin ta mai zaune, kuma yawanci ta baki, wanda ba ya tacewa kamar hanci. Mai asma ko mai ciwon ƙirji da ya fita a irin wannan rana don kar a ce masa ɗan gayu, ganganci ya yi da ransa.

To shi ma injin ba kowa yake samu ba, kar ɗan uwana ya ga kamar na koma bayansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin man janareta ya hau, daga baya na wuta ma ya bi sahu, gidajen motsa jiki suka ƙara kuɗin wata. Sayen inji na gida kuwa sai mai hali, kuma bayan ka saya sai ka ciyar da shi wuta. Wanda bai taɓa kasancewa a kan inji lokacin da aka ɗauke wuta ba, bai san birki ba. Ni dai saura ƙiris haƙorina ya haɗu da allon. Titi kuwa kyauta ne, takalmi kawai yake nema. Yaran Filato, musamman na wajen Pankshin, da suke kan gaba cikin 'yan Najeriya a dogon gudu, tuddai da hanyoyin ƙasa ne suka gina su. Haka na garin Iten a Kenya, mai tsayin kimanin mita 2,400 daga doron teku. Ba na musun wannan ko kaɗan. Sai dai a Iten ganin mace tana gudu da asuba ba abin juyowa ba ne, mu kuwa a nan labari ne da za a kai wa gwaggo.

Kuma abin yana da mafita in an so. Birnin Kigali na Ruwanda tun 2016 suka fara rufe wasu manyan tituna da safiyar Lahadi domin masu gudu da masu keke da masu tattaki, yanzu sau biyu a wata suke yi. Ba gini aka yi ba, ba kwangila aka bayar ba, motoci kawai aka karkatar na 'yan awanni. Titi ɗaya mai kyau, daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara, da jami'an tsaro a bakinsa, me zai gagara a Kano ko Kaduna? Muna ta kukan hawan jini da ciwon suga sun yi yawa, amma wurin da mahaifiyar mutum za ta yi tattaki hankali kwance babu.

Bana ga yadda na raba nawa shirin, ga mai son ɗauka. Ranar Asabar bayan sallar asuba dogon gudu a waje, mu huɗu ko biyar, babu waya a hannu sai agogo, riga mai haske, kuma muna bin gefen da muke fuskantar motoci masu tahowa. Kowane mako mu ƙara kilomita biyu ko uku, a mako na huɗu mu ja baya jiki ya huta, har mu kai 30 ko 32 kamar mako uku kafin tsere, daga nan sai a fara sassautawa. A wannan gudun nake gwada takalmin da zan sa ranar, da dabino, da ruwa mai ɗan gishiri da sikari. Rabin farko da gangan nake yin sa a hankali, har abin yana ba ni haushi. Wata ran mukan ƙare da hawa da saukar Dala, domin cinya ta san gangara. Ranar Talata kuwa a kan inji nake, gudun sauri na gajeren zango, misali mita 1,000 sau biyar ko shida da ɗan hutu a tsakani. A nan injin ya fi titi nesa ba kusa ba, domin babu adaidaita, babu rami, kuma ba ya bari in yi wa kaina ha'inci. Sauran ranakun gudu mai sauƙi, in gari ya yi garau a waje, in hazo ya sauko a ciki. A makonni biyu zuwa uku na ƙarshe zan nemi injin da ya fi nesa da iyakwandishan, in yi gudu mai sauƙi na minti 40 zuwa awa ɗaya da ruwa a kusa, da sharaɗin da zarar na ji jiri ko ciwon kai in sauka. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kada ya gwada wannan sai ya ga likitansa, da gaske nake.

Kar mu manta kuma azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yanzu ya soma shigowa cikin wannan zangon. Wanda zai yi atisaye bayan tarawihi, titin dare ba abin dogaro ba ne, da yawanmu injin za mu koma ko muna so ko ba ma so.

Wanda kuma ba shi da zaɓi sai injin, kamar ƙanwata, kada ya karaya. Ya daina riƙe ƙarfen gefe, ya riƙa canja tudu da sauri kada ya bar su wuri ɗaya, wata ran ya rufe allon da tawul ya ƙiyasta saurinsa a jikinsa sannan ya buɗe ya duba. Kuma ya yi duk yadda zai yi ya samu ko da dogon gudu uku ko huɗu a kan ƙasa kafin ranar tsere, a filin wasa ne, a harabar makaranta ne, cikin ayari ne, domin ƙafa ta gaisa da kwalta kafin su haɗu a Legas.

Jiya na sake kiran abokin nawa na ba shi labarin ƙanwata. Ya yi shiru, can ya ce, "Ai ban san haka abin yake ba, Malam." Mun shirya Asabar ta sama ita da ƙawayenta biyu za su yi kilomita 10 na farko a kan kwalta, a cikin wata haraba mai katanga da muka nemi izini, ni da shi muna biye daga baya. Na kuma ce masa tunda gudun inji wasa ne, ya zo ranar Talata ya hau ya yi min kilomita 15 in gani. Ya ce zai duba.

Wanda yake Kano kuma yana son shiga ayarin Asabar, ya turo min saƙo. Ƙarfe shida da kwata muke tashi, kuma ba ma jiran kowa.